Auna Faɗin Bututun Iska: Wace Hanya Ta Dace da Gininka?

Wata shekara, ana tsakiyar zafin bazara, aka kira ni in duba wani zauren biki. Mai ginin ya riga ya yanke shawara tun kafin in iso: na'urar sanyaya wurin ta yi kaɗan, a ƙaro wata. Na ce a kunna mini ita tukuna. A kujerun gaba, kusa da ɗakin na'ura, sanyi har ya yi yawa, iska na fitowa daga silin da huci kamar zuga-zugin maƙera. Na taka zuwa ƙarshen zauren, na hau tsani, na kara 'yar takarda a bakin mafita ta ƙarshe, da ƙyar ta motsa. Da na leƙa cikin silin sai na ga an matse babban bututun don ya wuce ƙarƙashin bim, wato gungumen da ke riƙe da rufi, an yi masa gwiwa biyu masu kaifin kusurwa a jere, daga nan kuma aka riƙa rage masa faɗi da ido har ya ƙare kamar wuyan gora. Na sauko na ce masa, "Alhaji, ko biyu ka ƙaro, mutanen baya ba za su ji ba. Sanyin da kake biya wa kuɗin wuta yana nan, hanyar kai shi ce babu."

Ya kamata mai gini, da ɗan kwangila, da maƙerin kwano duk su san cewa faɗin bututun iska lissafi ne, kuma lissafin ba hanya ɗaya gare shi ba. Biyar ne aka fi sani, kowacce da irin aikin da aka ƙirƙiro ta dominsa. Zan ɗora su duka a kan gini ɗaya da lambobi ɗaya, don a ga inda suka haɗu da inda suka raba gari.

Kafin a ɗauki awo

Babu hanyar da za ta yi amfani in ba a san yawan iskar da kowane ɗaki ke bukata ba. Wannan daga lissafin zafin ɗakin yake fitowa: ta wane gefe rana ke dukansa, mutum nawa za su zauna, rufin kwano ne ko na kankare. Masu aikin sanyi kan ɗauki CFM 400 (ma'aunin yawan iska a minti) ga kowane tan ɗaya na ƙarfin sanyayawar na'ura a matsayin abin farawa, wato wajen lita 190 a sakan. In an san yawan iska, sauran ƙa'idar mai sauƙi ce: girman bakin bututu sau gudun iska, shi ne yawan iskar da ke wucewa. Ka matse baki, gudu ya ƙaru. Ka buɗe, gudu ya ragu.

Iskar da ke cikin bututu tana ɗauke da matsi iri biyu. Akwai matsin gudu, wanda kake ji a tafin hannunka in ka tare ta. Ana samun sa da ninka gudun da kansa, sannan a ninka da 0.6: mita 7 a sakan ya ba da faskal 30 (faskal shi ne ma'aunin matsi), mita 5 ya ba da 15. Akwai kuma matsin bango, wanda ke tura jikin bututun ta ko'ina kamar iskar cikin taya, kuma shi ne ke koro iska ta fita ta mafitar da ke gefe. Yayin da iska ke tafiya tana gogar kwano, matsi na zubewa kaɗan-kaɗan. Wannan asarar ita ake kira gogayya, ana auna ta da faskal a kowace mita.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne yadda gogayya ke hawa in an matse bututu. Ba ta bin faɗi sawu da sawu, ninki take yi kusan hawa biyar. In iskar ba ta canja ba, aka rage faɗin da kashi 10 cikin ɗari kacal, gogayya za ta ƙaru da kusan kashi biyu bisa uku. Maƙerin da ya ce "inci biyu ne kawai na rage don kwanon ya isa" bai san girman abin da ya taɓa ba.

Ga ginin da za mu yi gwaji da shi. Zaure ne dogo, na'ura na fitar da lita 2,000 a sakan, abin da ya ɗan haura tan 10. Mafita huɗu ne a jere, kowacce na karɓar lita 500, tsakanin kowace biyu mita 10. Bututun zagayayye ne, na kwano. Gaɓar farko ke nan tana ɗauke da lita 2,000, ta biyu 1,500, ta uku 1,000, ta ƙarshe 500.

Gogayya bai-ɗaya

Wannan ita ce hanyar yau da kullum, ita ke bayan yawancin zanen da za ka gani na ofisoshi, otal-otal da bankuna. Za ka zaɓi adadin gogayya guda ɗaya, ka ce kowace mita ta bututun nan abin da za ta ci ke nan, daga bakin na'ura har ƙarshe. A Amurka an saba da matsin inci 0.1 na ruwa a kowace ƙafa 100, wanda ya yi daidai da wajen faskal 0.8 a mita. Injiniyoyin Birtaniya sun fi riƙe faskal 1. Daga nan sai jadawalin gogayya, ko ɗan faifan kwalin nan mai juyawa da ake kira daktuleta: ka saita yawan iska a kan adadin da ka zaɓa, faɗi ya fito.

A zaurenmu, in an ɗauki 0.8, gaɓar farko za ta zama milimita 600, iska na gudun mita 7. Ta biyu 540, ta uku 460, ta ƙarshe 355, gudun ya sauka zuwa mita 5. Lura da cewa ba wanda ya ce gudu ya ragu, shi ya ragu da kansa. Wannan babbar fa'ida ce, domin gudu shi ke kawo ƙara, kuma an fi son shiru a ƙarshen bututu inda yake kusa da kunnen mutane. Ga sauri, ga sauƙin dubawa: wani injiniyan zai iya bin zanenka da faifansa cikin rabin awa ya gane ko ka yi kuskure. Tana aiki a bututun kai iska, tana aiki a na dawo da ita.

Raunin hanyar shi ne ba ruwanta da nisa. Mafitar da ke mita 10 daga na'ura da wadda ke mita 40, awo ɗaya ta yi musu, alhali iskar da za ta je ƙarshe ta sha gogayyar ƙarin mita 30, wato faskal 24. Raguwar gudu kan maido da wani abu daga ciki, amma duk da haka mafitar farko za ta fi ta ƙarshe matsin bango da wajen faskal 13. In an zana mafitun su yi aiki da faskal 25, ta farko za ta kwashi iska fiye da ta ƙarshe da sama da kashi 20 cikin ɗari. Iska ba ta da kara, inda ta samu sauƙi nan take bi. Maganin shi ne dampa, 'yar ƙofar nan da ke cikin bututu wadda ake karkatawa a rage wa na kusa don na nesa ya samu. Sai dai dampa da aka matse da yawa kuka take yi, musamman in a bakin mafita aka sa ta. Wurinta shi ne can inda reshe ya rabu da uwar bututu. Akwai kuma dabarar da ƙwararru ke yi: su auna hanya mafi nisa da 0.8, sannan gajerun rassa su ba su gogayya mafi yawa, wato su ɗan matse su, don rarar matsin ta ƙare a cikin bututu maimakon a kan dampa.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, 0.8 ɗin daga ina? Da yawa haddace shi suka yi daga ubangidansu, suna ɗora wa kowane aiki. Alhali fankar kowace na'ura tana da iyakar matsin da za ta iya bayarwa, a rubuce yake cikin takardunta. Ƙungiyar ACCA ta 'yan kwangilar aikin sanyi a Amurka, a ƙa'idarta ta bututun gidaje mai suna Manual D, daga can take fara lissafi, kuma a ganina ita ce hanyar gaskiya. A ce fanka na da faskal 125 da za ta kashe a wajen na'ura. Rariyar tace ƙura ta ci 25. Mafita, da mashiga, da dampa, kowacce ta ci kamar 7 zuwa 8. Saura wajen 77. Sai a auna hanya mafi nisa, zuwa da dawowa, a kuma mai da kowace gwiwa da kowace mararraba zuwa tsawon miƙaƙƙen bututun da zai ci abin da take ci. Ba abin mamaki ba ne bututun da tsawonsa na zahiri mita 25 ne ya koma mita 125 a lissafi. Raba 77 da 125, ka samu wajen 0.6. Wanda ya zana wannan gidan da 0.8 ya nemi faskal 100 daga fankar da 77 suka rage mata, iska ba za ta cika ba, kwayil, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke sanyaya iskar, ya fara yin ƙanƙara, a ce gas ne ya ƙare. Bambancin faɗi tsakanin 0.8 da 0.6 kuwa kashi 6 ne kacal cikin ɗari. Ƙananan na'urorin nan da ake ɓoyewa cikin silin sun fi shiga wannan matsala, domin wasunsu faskal 30 zuwa 50 ne duk ƙarfinsu, ba a yi su don dogon bututu ba ko kaɗan.

Rage gudu mataki-mataki

Ita ce hanyar tsofaffin hannu. Ba a fara ta da gogayya, da gudu ake farawa: a zaɓi na gaɓar farko, a riƙa rage shi bayan kowace mararraba. A zaurenmu wani zai ce mita 7, 6, 5, 4 a sakan. Faɗin da zai samu shi ne 600, 565, 505 da 400. Riƙe lambobin nan, za mu dawo kansu.

Amfaninta shi ne tana kama ƙara tun daga tushe. In ɗakin karatu ne, ko masallaci, ko ɗakin kwanan marasa lafiya, inda shiru ya fi komai, dole ka sa wa gudu iyaka. Manual D ma ba ya son uwar bututun gida ta wuce ƙafa 900 a minti, wajen mita 4.5 a sakan, ta dawowa kuma ƙafa 700. Matsalarta, babu abin da ke gaya maka nawa za ka rage sai gogewa. Mutum biyu su zana gini ɗaya su fito da awo daban, kowa da hujjarsa. Ni ba na ba sabon shiga shawarar ya zana da ita. Amfanin da nake yi da ita shi ne in zaɓi gudun gaɓar farko, sannan in duba aikin sauran hanyoyin da ita daga ƙarshe.

Maido da matsi

Wannan ta fi su dabara. Ta yaɗu ne ta koyarwar kamfanin Carrier mai ƙera na'urorin sanyi tun wajen 1940, kuma ta ginu a kan abu ɗaya: duk sanda iska ta rage gudu, matsin gudun da ta saki ba ɓacewa yake yi duka ba, kaso mai yawa yana komawa matsin bango. Tsohuwar ƙa'ida ta ɗauka kashi 75 cikin ɗari ne ke dawowa. To me zai hana a zaɓi faɗin kowace gaɓa ta yadda abin da ya dawo zai biya gogayyar da ke gaba daidai wa daida? In an yi haka, matsin bango a bakin mafita ta farko zai zama ɗaya da na ta ƙarshe, kowacce ta ɗauki rabonta ba tare da an shaƙe wata da dampa ba.

Mu gwada. Gaɓar farko tana nan a 600, matsin gudunta 30. In gaɓa ta biyu ta zama 565, gudu ya sauka zuwa mita 6, matsin gudu ya koma 21.5. An saki 8.5, kashi 75 nasa 6.4 ne. Gogayyar mita 10 a wannan faɗin kuwa 6.3 ce. Sun biya juna. Haka za a bi, ta uku ta fito 510, ta ƙarshe 410, iska na tafiya mita 3.8 a sakan.

Yanzu ka koma kan lambobin tsohon hannun nan: 565, 505, 400. Kusan su ne. Shi ya sa aikin wasu dattawan sana'ar ke fitowa daidai ba tare da sun taɓa biro ba, shekaru sun koya wa idonsu abin da lissafi ke faɗa. Sai dai dacewar ta zo ne saboda tazarar mita 10 ce. Da mita 4 ce, ko 25, lissafin maido da matsi zai canja amsa, 7-6-5-4 kuwa tana nan yadda take.

Kuɗin wannan daidaito kwano ne. Gaɓoɓi ukun baya sun fi na gogayya bai-ɗaya cin kwano da kusan kashi 10 cikin ɗari, haka ma abin naɗe bututu na hana zafi, haka wurin da za su ci a silin. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman: a ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana, cikin silin tanda ne. Bututu mai faɗi wanda iska ke tafiya a hankali cikinsa ya fi ba zafi damar shiga, sai yawan iska ya yi daidai a mafita ta ƙarshe amma sanyinta ya ragu. In za ka bi wannan hanya, kada ka yi rowar abin naɗi. Sannan kashi 75 ɗin nan ba tabbas ba ne, ya danganta da kyan mararraba. In maƙeri ya yi ta da tsalle maimakon gangara a hankali, abin da zai dawo ba zai kai haka ba. Shi ya sa manhajojin kwamfuta na yanzu suke lissafa asarar kowace mararraba ita kaɗai.

Inda hanyar ke nuna kanta shi ne manyan gine-gine masu doguwar uwar bututu da gudu mai yawa: filin jirgin sama, babban kanti, dogon bene mai na'ura ɗaya da ke ciyar da ofisoshi masu yawa. A mita 15 a sakan matsin gudu faskal 135 ne, akwai abin maidowa. A gida kuwa, inda gudun bai wuce mita 4 ba, faskal 10 ne duka-duka, wahalar lissafin ba ta biyan kanta. Kuma ta bututun kai iska ce kawai. A na dawowa ko na zuƙo iska, gudu ƙaruwa yake yi yayin da ake matsowa kusa da fanka, babu abin da ake saki balle a maido.

Gudu bai-ɗaya: inda iska ke ɗauke da kaya

In aka riƙe mita 7 daga farko har ƙarshe a zaurenmu, za a samu 600, 520, 425 da 300. Kwano ya yi auki, amma gogayyar gaɓar ƙarshe ta haura 1.8 a mita, fiye da ninki biyu, ga ƙara a kan mutane. Ga aikin sanyi, wannan ba zaɓi ba ne.

Amma ka shiga injin casar shinkafa, irin waɗanda suka cika Kano da kewaye, ko wurin yankan katako, ko masana'antar niƙa, nan sarautarta take. Iskar da ke bututun can ba sanyi take kaiwa ba, ƙaiƙayi da dusa da garin katako take ɗauke da su, kuma da zarar gudunta ya gaza, kayan za su kwanta a ƙasan bututu. Ƙungiyar ACGIH ta masana lafiyar ma'aikata a Amurka ta daɗe da fitar da mizani: hayaƙi da tururi mita 5 zuwa 10 a sakan, hayaƙin walda 10 zuwa 13, ƙurar masana'antu ta yau da kullum 18 zuwa 20, mai nauyi ko mai danshi 23 ko fiye. Lita 500 ɗin da muka ba bututun milimita 355 a zaure, a injin casa 180 za ta samu, gogayya ta haura faskal 20 a mita. Fanka mai ƙarfi ke nan, da wuta mai yawa, kuma ba makawa.

Abubuwa biyu sukan juye a nan, su kan kuma rikita wanda ya saba da aikin sanyi. Na farko, in lissafi ya faɗo tsakanin awo biyu da ake samu a kasuwa, mai aikin sanyi babban yake ɗauka, mai aikin ƙura kuwa ƙaramin. Na biyu, rufe reshe ɗaya don injinsa ba ya aiki ba tattali ba ne: iskar uwar bututu ta ragu, gudunta ya faɗi, ƙura ta kwanta. Ƙurar hatsi da ta katako kuma in ta taru tana kamawa da wuta, tana ma iya fashewa. Na taɓa buɗe wani bututu a wata masana'anta na tarar dusa ta cika rabinsa, ta daskare kamar an daɓe. Wanda ya zana shi da faifan aikin sanyi ya auna, da niyyar rage wa fanka wahala. Ma'aikata suna ta shaƙar ƙurar da aka sayi injin don ya kwashe.

Bututun hayaƙin kicin na otal ma dangin wannan ne, saboda maiƙo. Ƙa'idar kashe gobara ta NFPA 96 ta sa ƙafa 500 a minti, wajen mita 2.5 a sakan, a matsayin mafi ƙarancin gudu, bayan an daɗe ana bin ƙafa 1,500.

Hanyar T, da tambayar da ta kawo

A 1988 Robert Tsal da abokan aikinsa suka gabatar wa ƙungiyar ASHRAE ta injiniyoyin aikin sanyi wata hanya da ake kira hanyar T. Ita kuɗi take aunawa: kuɗin kwano da ƙira na yau, da kuɗin wutar da fanka za ta sha tsawon rayuwar ginin, ta nemo faɗin da jimillarsu ta fi ƙanƙanta. Sai da kwamfuta, sai kuma an san farashin wuta da awannin aiki. Ba ta yaɗu a aikin yau da kullum ba, kuma ba na cewa a neme ta don zauren biki.

Tambayarta dai ta fi dacewa da mu fiye da waɗanda suka ƙirƙiro ta. A ce an matse bututun zaurenmu har fanka na bukatar ƙarin faskal 100. Lita 2,000 sau faskal 100, a fankar da ke mai da kashi 60 na wutarta aiki, ƙarin wat 333 ke nan. Awa 12 a rana, kwana 300 a shekara, ya zama yunit 1,200. A farashin naira 225 kowane yunit da aka sa wa 'yan rukunin Band A, masu samun wuta mafi yawan awanni a Najeriya, a Afrilun 2024, naira 270,000 ce duk shekara, in da janareta ne kuma ya fi haka. Wutar nan ba ta tsaya nan ba, zafi take komawa cikin iskar, na'ura ta sake shan wata wutar don cire shi. Adadin 0.8 an saba da shi ne a inda wuta ke da sauƙi. Ga ginin da zai yi aiki dare da rana a kan dizal, kamar asibiti ko otal, sauka zuwa 0.6 abu ne da nake ba da shawara ba tare da jinkiri ba, in silin zai ɗauka.

Abin da ke rusa kowace hanya

Duk lissafin da ke sama na zagayayyen bututu ne, mu kuwa mai kusurwa huɗu aka fi ƙera mana saboda silin. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ɗauka in girman baki ya zo ɗaya, shi ke nan. Ba haka ba ne. Tun 1948 wani mai bincike, Huebscher, ya fitar da ƙa'idar musayar, ita ce ke cikin jadawalin da ake amfani da shi har yau. Madadin zagayayye 600 shi ne 600 da 500, ko 1,100 da 300, ko 1,400 da 250. Na farkon kewayensa mita 2.2 ne, na ƙarshen 3.3, zagayayyen kuwa bai kai 1.9 ba; wato shimfiɗaɗɗen ya ci kwano fiye da zagayayye da kashi 75 cikin ɗari don aiki iri ɗaya. Wanda ya bi girman baki kawai ya ƙera 1,130 da 250, ya ƙara wa kansa gogayya da wajen kashi 60. Shi ya sa ake cewa faɗi kada ya wuce tsayi sau huɗu, shi ya sa kuma ya kamata mai zanen gini ya zauna da mai aikin iska kafin a zuba bim.

Gwiwa ta fi wannan ɓarna. Mai kaifin kusurwa, wadda ba a sa mata faifan juya iska a ciki ba, tana cin fiye da matsin gudu gaba ɗaya, wajen faskal 36 a mita 7 a sakan. Miƙaƙƙen bututun zaurenmu duka, mita 40, faskal 32 yake ci. Gwiwa ɗaya ta fi shi. Mai lanƙwasa a hankali kuwa 5 zuwa 6 take ci. In kuma aka manna gwiwa a bakin fanka, fankar kanta ba za ta ba da abin da aka rubuta mata ba. Tana son miƙaƙƙen bututu aƙalla ninki biyu da rabi na faɗinsa, mita ɗaya da rabi ke nan a misalinmu. Bututun roba mai naɗewa shi ma haka: in an ja shi ya miƙe, kuma bai wuce mita 1.5 zuwa 2 ba, lafiya lau. In aka bar shi a takure yana reto, gogayyarsa na iya ninkawa sau da yawa. Sai rariya. Lissafin da aka yi da sabuwar rariya ba zai kai ƙarshen hunturu ba, don ƙurar Disamba da Janairu kan toshe ta cikin ɗan lokaci. A yi lissafi da matsin rariya mai datti, a kuma bar mata ƙofar da hannu zai kai.

To wacce za a ɗauka?

In gida ne, ko ƙaramin ofis, ko asibitin unguwa, gogayya bai-ɗaya, amma adadin a ciro shi daga ƙarfin fanka, kada a ɗauko shi daga ka. In ofisoshi ne ko otal mai rassa da suka yi kusan tsawo ɗaya, ita ce dai, da dampa a gindin kowane reshe, a kuma duba gudu saboda ƙara. In rassan sun bambanta sosai, a matse gajerun. Dogon zaure mai mafita a jere, ko babban gini mai gudu sama da mita 10, nan maido da matsi ke biyan kuɗin kwanonta, musamman in silin ɗin mai tsayi ne da ba za a riƙa hawa ana gyara dampa ba. Bututun dawowarsa kuma a auna shi da gogayya bai-ɗaya. Gini ɗaya na iya ɗaukar hanya biyu ko uku, ba laifi ba ne. Duk inda ƙura ko dusa ko maiƙo ke cikin iska, gudu ne ke da magana ta farko.

Mai gini da ba injiniya ba, yana da hakkin ya tambayi ɗan kwangila abu uku kafin a yanka kwano: lita nawa kowace mafita za ta bayar, da wane adadin gogayya ko gudu aka auna, kuma jimillar asarar hanya mafi nisa nawa ce in an gwada ta da ƙarfin fanka. In an gama aiki kuma a zo da na'urar auna iska a bi mafita ɗaya bayan ɗaya a gabansa.

A zauren Alhaji ba mu sayi na'ura ba. Mun cire gwiwoyin nan biyu muka sa masu lanƙwasa, muka bar wa fanka miƙaƙƙen bututu a bakinta, muka sake ƙera gaɓoɓi biyun ƙarshe da awon maido da matsi, muka naɗe su da kyau saboda zafin rufi. Wurin bim ɗin ne ya ba mu wahala, don ba yadda za a yi a ɗaga shi. Sai muka raba bututun gida biyu, suka wuce ƙarƙashinsa kafaɗa da kafaɗa, suka sake haɗewa a gaba. Dampar mafita ta farko kawai muka ɗan karkata, sauran a buɗe muka bar su.